Cefane: in dinga oda ko in koma zuwa kasuwa da kaina?

Salam 'yan uwa, dan Allah ku ba ni shawara. A Kano nake, ina aiki sai yamma lis nake dawowa gida, ga yara uku. Da duk Asabar nake zuwa Yankaba in sayo tumatir, attaruhu da albasa, ƙarshen wata kuma in leƙa Singa don taliya da mai da sabulu. Wallahi na gaji, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ga ɗan dako ga rana.

Shi ne na gwada wata mai kawo kaya har gida a WhatsApp, kin tura kuɗi a kawo miki. Na farko lafiya lau, na biyu kam tumatirin sama ne kawai masu kyau na ƙasa duk sun ruɓe, mudun shinkafar ma bai cika ba, da na yi magana wai haka ta samo. Abban yara ya ce in koma zuwa da kaina tunda ni na san abin da nake so, amma lokacin fa?

Masu yin oda ya kuke yi ne? Kayan gwari kawai zan dinga zuwa saye sauran a kawo min, ko akwai masu yarda sai kaya sun iso a biya?