Neman shawara: takardar neman sabuwar shari'a ta isa a makare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Siyatil, jihar Washinton ta Amurka. Na shigar da ƙara kan haɗarin mota, babbar kotun gundumar King ta tura mu gaban mai sasanci, kuma diyyar da ya yanke mini ba ta kai kuɗin asibiti ba. Na miƙa wa magatakardan kotu takardar neman sabuwar shari'a a rana ta 19 bayan hukuncin mai sasancin, a ranar kuma na aika wa lauyan ɗaya ɓangaren kwafi ta gidan waya. Yanzu yana roƙon kotu ta yi watsi da buƙatata, wai takardar ta makara. Shin akwai sauran mafita?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Allah ya ƙara sauƙi. Doka ta 7.1 ta dokokin sasanci na kotunan jihar Washinton ta ce a cikin kwana 20 ne za a shigar da takardar neman sabuwar shari'a, a kuma isar da ita ga kowane ɓangare, kuma alƙali ba shi da ikon ƙara wa'adin. Matsalarka ita ce takardar da aka aika ta gidan waya ba a lissafa ta isa sai rana ta uku bayan aikawa, wato taka ta faɗa rana ta 22 ke nan. Tun shari'ar Nevers da Fireside a 1997 kotun ƙolin jihar take tsananta bin wannan ƙa'ida, ba ta karɓar uzurin cewa abokin shari'a bai cutu ba.

Amsa ta biyu: Malam, kada ka yanke ƙauna kafin ka duba kundin shari'ar da idonka, domin kwanakin ba sa fara ƙirguwa daga ranar da hukuncin ya zo hannunka, sai daga ranar da mai sasanci ya ajiye wa kotu shaidar cewa ya isar muku da shi. Idan ya jinkirta ajiye ta, ko kuma daga baya ya yanke hukunci kan kuɗin shari'a ko na lauya, to lissafin ya matsa gaba, mai yiwuwa har yanzu kana cikin lokaci. Ka nemi hatimin magatakarda da ke kan shaidar, ranar da ke jikinsa ce abin dogaro. In ka aika ta imel ma, ba za ta ƙirgu ba sai in ɗaya ɓangaren ya amince a rubuce, ko ƙa'idar kotun gundumar ta yarda da hakan.

Amsa ta uku: Ka tabbata kai ne ka sa hannu a takardar da kanka, domin tun 2018 sa hannun lauya kaɗai bai wadatar ba. Ka kuma sani cewa wanda ya nemi sabuwar shari'a bai samu abin da ya fi na farko ba, shi zai biya kuɗin lauyan abokin shari'arsa. Ka ga lauya gobe, tun kafin ranar sauraron roƙon nasu.