Duba motsin mai ciwon baya: shawarwarin likitocin gashin ƙashi

A tattaunawar wasu likitocin gashin ƙashi a Kaduna, abin da aka fi nanatawa shi ne kallo kafin taɓawa. Majiyyaci ya cire takalmi, ya sunkuya ya miƙe sau biyar. In sai ya dafa cinyoyi yake tasowa, ko ya ƙame a tsakiya, ko ya karkace gefe, alama ce tsokokin ƙugu ba sa riƙe gadon baya yadda ya kamata, kodayake tsoron zafi ma kan jawo haka.

Wajen auna lanƙwasuwar baya, a sa alama santimita 10 sama da ramukan ƙugu biyu, wata santimita 5 ƙasa. In ya sunkuya, ya kamata tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ta kai santimita 20 aƙalla.

Riƙewar fitsari ko mutuwar jiki a matsematsi kuwa, asibiti za a wuce nan take.