Abin da aka tsayar kan launin ɗaki a garin Tawa

Da aka tattauna batun fentin ɗakin amarya, bakin kowa ya zo ɗaya kan abu guda: a fara duba ƙura kafin a duba sha'awa. Farin bango tas yana da kyau ranar farko, amma hunturu na shigowa sai ya koma ja-ja. Shi ya sa aka fi son ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske, masu ɓoye ƙura kuma ba sa duhunta ɗaki.

Wani mai fenti ya ba da shawarar da ta fi gamsar da ni. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1 a shafa fentin mai, mai ɗan duhu, don a nan yara ke dafawa da hannun miya, kuma tsumma mai laima na goge shi. Sama kuwa fentin ruwa ya isa. Kafin a sayi bokiti, a gwada a ɗan gefe, a bari ya bushe, a dube shi da rana, a sake dubawa ƙarƙashin ƙwan lantarki, domin launi na sauyawa.

Kan haɗin launi an ɗan yi gardama. Iyaye mata na son ja da ruwan ɗorawa ko'ina. Ni ina tare da masu cewa launi uku sun wadatar: bango ya ɗauki kaso mafi yawa, labule da kujeru su bi, mai ƙarfin a bar wa ƙananan kaya, kamar matashin fata na dukawa. In darduma ta cika zane, labule ya zama marar ado.