Tambaya: awon hawan jini na gida ya saɓa da na asibiti, wanne za a bi?

Assalamu alaikum abokan aiki. Ana neman shawararku kan majinyaci mai shekara 54 da ke shan maganin hawan jini amlodipine 5 mg kowace safiya. A asibiti awonsa ba ya sauka daga 152/96, amma a gida matsakaicinsa 129/81 ne, ƙasa da iyakar 135/85 da ake amfani da ita ga awon gida.

Yadda yake awon babu abin kushewa: yana zama minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da zuciya, ba kofi ba taba minti 30 kafin nan. Awo biyu safe, biyu yamma, tsakaninsu minti ɗaya, kwana 7, an zubar da na ranar farko.

Da farko an zargi madaurin na'urar awo da ake naɗawa a damtse. Kaurin damtsensa santimita 36 ne, madaurin asibiti kuwa na damtse mai santimita 22 zuwa 32 ne, kuma madauri ƙarami yana ɗaga lamba. An sauya babba, awo ya sauka zuwa 146/92 kawai. An gwada na'urarsa da ta asibiti a hannu ɗaya, tazarar ba ta kai 5 ba. Bugun zuciyarsa daidai yake.

Alamu sun fi karkata ga cewa fargabar ganin likita ce ke ɗaga awonsa a asibiti, sai dai babu na'urar awon awa 24 da za ta tabbatar. A ƙara magani zuwa 10 mg, alhali ana gudun jiri da kumburin ƙafa? Ko a bar shi haka, a duba fitsari da ƙoda tukuna? In an bari, bayan wata nawa za a maimaita awon kwana 7?