Kawu ya ce gonar ta san ba na son ta: gaskiya ne ko camfi?

Mai tambaya, daga unguwar Birni, Damagaram:

Salamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema. Baba ya rasu shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙansa, gonarsa ta wajen Mirya ta faɗo a rabona, hekta biyu da ɗan wani abu. Yawancinta jigawa ce, sai kusurwar gabas da ta zama faƙo, ko hauya ba ta shiga. Ni a gari nake sana'a, don haka na ba wani maƙwabci aro shekara biyu, bara da bana kuma na sa ƴan ƙwadago. Zamanin Baba ana ɗaure dami tamanin, bana talatin da biyu muka samu, ga ƙuduji ko'ina. Da na kai wa kawuna kuka sai ya ce: "Ƙasa tana jin zuciyar mai ita. Kai tatsa ka zo yi, ita kuma ta sani." Yayana ya ce zancen tsofaffi ne, in sayi buhun takin zamani huɗu in huta. Amma maganar Kawu ta tsaya mini a rai. Da gaske niyyar mutum tana taɓa ƙasa? In haka ne, daga ina zan fara?

Malamin gona, Matamaye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba. Kawunka bai yi kuskure ba, gajarta maganar ya yi. Ƙasa ba ta da kunne, amma tana jin abin da adda da hauya suka yi mata, hannun da ke riƙe da su kuwa zuciya yake bi. Ɗan ƙwadagon da aka biya ya yi sassabe burinsa gona ta yi fes, a yaba, a sallame shi. Duk tohon da ya gani zai sare, ya tara da kara ya cinna wuta. Shi sabara a idonsa datti ce. Mai niyyar zama da gonar shekara ashirin in ya ga sabarar nan, garkuwar iska yake gani da taki da itacen girki. A nan dami arba'in da takwas ɗinka suka tafi.

Abin da za ka yi kafin damina shi ne sassaben zamani. Ka je da kanka a Maris ko Afrilu, kafin kowa ya sa adda. Ka zaga gonar a ƙafa kana neman kututturan da ke toho: sabara, kalgo, magarya, aduwa, da ƴan ƙananan gawo. Saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashi tun zamanin Baba, shi ya sa suke fin dashen da ake kawowa a leda saurin girma. Ka zaɓi kamar 40 a kowace hekta, wato tazarar mita 15 tsakaninsu. A kowane kututture ka bar tsiro uku zuwa biyar, waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu kawai.

Kurakurai uku ne suke kashe aikin. Sara daga sama zuwa ƙasa yana yage ɓawo, gara da ruɓa su shiga ta wurin. A wasa adda sosai a sara daga ƙasa zuwa sama. Share rassa har kusa da ƙololuwa yana barin tsiro kamar sanda, iskar farkon damina ta karya shi ko akuya ta lanƙwasa. Na uku shi ne barin tsiro ɗaya tal tun shekarar farko: in ya mutu ka koma farko. Rassan da ka cire kar ka ƙona, ka shimfiɗa su a inda ƙasa ta yi sanƙo, ganyen ya zube, daga baya a kwashe itacen. Ka ɗaura wa kowane tsiro jan ƙyalle don masu noma su san da mai shi. Sannan ka koma duk bayan wata uku ko huɗu ka cire sabon toho.

Game da buhu huɗu na yayanka: watsa takin zamani a kan yashin da babu ruɓaɓɓen abu a ciki asarar kuɗi ce, ruwa zai wanke shi ya wuce inda saiwa take. A sa shi a rami. Giram 6 na NPK 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, a kowane ramin shuka. Rami 10,000 a hekta ya kama kilo 60. In takin DAP ne giram 2 ya isa, ɗiban yatsu uku, kilo 20 a hekta. Kar ya taɓa iri, a sa shi a gefe a rufe, kuma sai ƙasa ta jiƙa sosai. Wanda ya haɗa shi da binne, wato shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka, ruwa ya zo ɗan yayyafi, to zai ƙone tsiron.

Liman, unguwar Zango:

Allah ya yi maka albarka ɗana. Hadisin da kowane ɗan makaranta ya sani ya ce ayyuka suna tare da niyya. Ka lura, ayyuka aka ambata. Niyya ita ke ba aiki daraja, ba ta zama madadinsa. Akwai kuma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci, an rubuta masa sadaka. Ka yi niyyar raya gonar ya zama alheri gare ka da mahaifinka. Abin da zan hana ka shi ne ka ɗauki maganar kawunka ka kai ta wurin masu cewa an yi wa gona asiri, a binne laya ko a yanka wani abu. Wannan ba ya cikin addini, ba ya kuma kashe ƙuduji.

Tsohon ma'aikacin gandun daji:

Ina so in ƙara a kan maganar Malamin gona, don matasa su san cewa wannan abu an gwada shi a ƙasar nan ta Nijar, ba zance ba ne. Shekaru da yawa doka ta mai da itatuwan gona kamar mallakar gwamnati. Manomi in ya bar gawo ya girma, ranar da ya sare reshe tara ce. To me zai yi? Sai ya kashe shi tun yana ɗan tsiro, kafin wani ya gani. Aka haɗa da koyarwar cewa manomin kirki shi ne mai gona fes babu ko ɗan kututture. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka tarar da ƙasa tsirara.

Wajen 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a Maraɗi, ya lura cewa abin da ake kira ciyayi a gonaki tohon itatuwan da aka sare ne. Babu sabon iri da aka kawo, kallon ne ya sake. A nan Damagaram kuwa manoman Magarya, Matamaye da Mirya da kansu suka riƙa barin gawo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. A 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Duk da haka kafin ka sare babban gawo ka fara zuwa ofishin gandun daji, yana cikin itatuwan da aka kare. Tarihin baka ma yana cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan sare gawo tun a ƙarni na 19.

Me ya sa gawo? Yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Da rani yake kore, dabbobi su kwanta a gindinsa su bar kashi. Saiwarsa tana nitsewa can ƙasa, ba ta rabon ruwa da gero. Ƴaƴansa abincin tumaki ne, kuɗi ne a kasuwa. Matsalarsa ɗaya: ɗan tsironsa ƙarami ne ƙwarai a shekarar farko, hauya ɗaya ta gama da shi. Ka kafa masa ƴar sanda, ka kewaye da ƙaya.

Batun aro kuma, kar ka ga laifin maƙwabcinka sosai. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda bai san ko baɗi za a bar masa gona ba, ba zai kai takin gidansa can ba, kuma a al'ada mai aro in ya fara rainon itace sai a ce yana son cin gonar. In za ka sake bayarwa, ku je gaban mai gari da kwamitin filaye na ƙauyen a rubuta: shekara biyar, itatuwan naka ne, shi yana da rassan da aka share da ƴaƴan, kuma ba a ƙona kara.

Hajiya mai kiwo, Sabon Gari:

Maza kun yi ta maganar itace kun manta da akuya. Daga an saki dabbobi bayan girbi duk tsiron da bai wuce bakinta ba ya tafi. A ɗaure tsiron da aka bari wuri ɗaya da igiyar kaba, a jibga ƙayar magarya ko ta aduwa a kewaye. Kuma ɗana, ka shirya da matan ƙauyen. Su ne ke neman itacen girki, in ba ka ba su rassan da ka share ba, ranar da ba ka nan za a sare na tsaye.

Taki kuwa, ka yi magana da Fulani da kaka su kwana da shanu a gonarka, ka ba su ƴan tiyoyin hatsi yadda kuka daidaita. A riƙa matsar da makwancin duk bayan ƴan kwanaki, in ba haka ba wuri ɗaya zai ƙone da fitsari, sauran ya zauna haka. Karan ma kar ka sayar duka, ko da tsadarsa ta ja hankalinka a bazara. Ka kwantar da rabi a inda iska ke kwashe yashi.

Ɗan Tanut:

Ni fa ban yarda a ɗora komai a kan zuciya ba. Ruwan da ke sauka a Damagaram bai wuce milimita 400 da ɗoriya ba a matsakaiciyar shekara. In ya ɗauke kwana ashirin a Agusta, da mai kyakkyawar niyya da mai mummuna duk hannu a ka za su yi.

Malamin gona, Matamaye:

Gaskiyarka, niyya ba ta sa hadari ya haɗu. Amma ka duba gonaki biyu maƙwabta bayan ruwa ya ɗauke kwana goma: mai kara da ganye a ƙasa tana da danshi in ka tona da yatsa, tsirarar kuwa hatsinta ya murɗe. Ruwa ɗaya suka samu.

Wannan ya kawo mu kan faƙon gabas. Wurin nan bai mutu ba, ɓawo ya yi, ruwa yake gudu a kansa. Maganinsa tassa. A haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kamar mita ɗaya, layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layin farko don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare kamar rabin wata. A zuba busasshen taki tafi biyu, kamar giram 300, tun Afrilu ko Mayu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar, ita ce ke buɗe wa ruwa hanya. A shuka bayan ruwa mai ƙarfi, milimita 20 ko fiye. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro. Kar kuma a yi tassa a jigawa, yashi zai rufta ya binne iri. Aikin yana da nauyi, hekta ɗaya tana cin awa wajen 300, don haka ka fara da kwata.

Ƙuduji alamar ƙasa mai yunwa ce. A tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona, domin gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Inda ya fi yawa a huta da gero bana, a sa gyaɗa ko wake.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai ba zan iya barin shago in tare a ƙauye ba. Wane lokaci ne dole in kasance a wurin da kaina?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:

Sau huɗu. Ranar sassabe, don kai za ka nuna abin da za a bari. Ranar shuka, saboda takin rami. Noman fari, sati biyu zuwa uku bayan tsiro, lokacin da ake rage hatsi a bar uku a rami, kuma a ranar ce hauya take cin ƴan gawo. Sai bayan girbi kafin a saki dabbobi. Mirya ba ta kai kilomita 20 daga gari ba. Ka sauya kuma yadda kake biyan ƴan ƙwadago: ka ƙirga tsiron da ka ɗaura wa ƙyalle a gabansu, ka ce da kaka akwai tukuici a kan kowane da aka tarar da rai. Kar ka sa ran dami tamanin baɗi. Sabara da kalgo za su fara ba ka itace a shekara ta biyu ko ta uku, gawo sai ya ɗauki shekaru kafin ka ga bambancin hatsi a gindinsa. Ranar sassaben ka ɗauki kawunka a babur ku tafi tare, shi ya san inda tsofaffin kututturan suke.