Ƙarshen labarina ya faɗo daga sama, in na gyara kuma sai a gano shi tun farko

'Yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina da wani gajeren labari da nake son turawa gasar Hikayata ta BBC Hausa, amma ya hana ni barci. Yarinya ce yayanta ya fita bai dawo ba, shekara biyu babu labari. Rannan ta shiga Kasuwar Barci da ke Kaduna sayen gwanjo, sai ta ɗago wata riga, ta gane tasa ce. Nan na tsaya. Ƙawayena biyu suka karanta, suka ce ta yaya ta gane, ai riga riga ce. Sai na koma farko na saka uwar ta yi mafarki ta ga rigar ɗanta a kasuwa. Yanzu kuma ƙanina ya karanta sakin layi ɗaya ya gaya mini ƙarshen, har da dariyarsa. Don Allah yaya ake dasa alama ba tare da an tona asirin labari ba?

Tsohon Malamin Hausa, Kawo:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Cire mafarkin nan tukuna. Mafarki a bakin labari kamar sanƙira ne, shela yake yi. Mai karatun Hausa ya saba, da ya ga uwa ta farka a firgice ya san sauran.

Ki ba rigar tabo tun a shafin farko, amma ki ɓoye shi cikin wata hidima. Misali aljihun ya yage, yayan ya matsa wa ƙanwar ta ɗinke masa, baƙin zare ya ƙare sai ta yi da kore. Ya yi ta mita wai ta mayar da shi ɗan makaranta, ta ce in ba ya so ya kai wa tela ya biya. Mai karatu hankalinsa na kan faɗan wa da ƙanwa, yana murmushi, zaren ya wuce shi. In ta zo Kasuwar Barci kada ki ce ta gane rigar. Ki ce ta juya aljihu ta ga koren zare, hannunta ya kasa sakin rigar. Shi ke nan. Sau ɗaya za ki ambaci zaren a farko, in kin yi biyu kin yi yawa.

Mai Shago a Barci:

Ni ba marubuci ba ne, karatu kawai nake yi in kasuwa ta yi sanyi. Amma Hajiya, akwai gyara. Kayan dila daga ƙasashen waje suke zuwa, rigar ɗan Tudun Wada ba za ta fito daga cikin dila ba. Sai dai wajen masu sayen kwance a hannun mutane su baza a ƙasa. Ki kai ta can, in ba haka ba duk ɗan kasuwar da ya karanta zai yi tsaki.

Maman Biyu, Unguwar Rimi:

Malam, a gafarce ni, ban yarda cewa laifi ne mai karatu ya hango ƙarshe ba. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Wani lokaci fargabar da kake ciki, kana ganin abin yana tahowa kana addu'ar kada ya faru, ta fi ba-zata daɗi. Abin da ya ɓata mafarkin shi ne ya faɗi abin da zai faru daidai da daidai.

Sannan ƙanwata, ki tuna shawarar marubucin Rasha Anton Cekof, cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole a harba ta kafin a tashi. Ki duba labarinki, duk abin da kika tsaya kika siffanta amma bai yi aiki ba, ki yar. Kalma 1,000 zuwa 1,500 da gasar ta ƙayyade ba ta ɗaukar kayan ado.

'Yar Tudun Wada:

Na gode ƙwarai. Mafarki ya tafi, zare ya shigo, dila ma na cire. Anti, maganarki ta sa na lura na ɓata layi shida ina siffanta agogon yayan, kuma bai sake fitowa ba. Yanzu ina tunanin ko in goge shi, ko in ɗaura shi a hannun mai sayar da rigar.