Musayar Waƙa: Leburan Ƙalandiya

Ɗan Dako:
Salamu alaikum. Tun Oktoba 2023 Isra'ila ta soke takardun aikin Falasɗinawan Gaɓar Yamma sama da dubu 100, yawancinsu magina. Ni da nake cin abinci da wuyana, abin ya hana ni barci. Ƙalandiya shingen binciken sojan Isra'ila ne tsakanin Ramalla da Ƙudus, Histadrut kuwa babbar ƙungiyar ƙwadagon Isra'ila ce. Ga nawa, mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Ta'ala nake so na fara,
Batun ɗan Falasɗinu, wancan lebura.

Ƙarfe ukun dare ya baro 'ya'ya barci,
Yana Ƙalandiya a layi yana ta jira.

Takardar izini a hannu kamar ransa,
Dillali ya sai masa, bashi ya tara.

Yana gina bene a birnin Tel Abib,
Gidansa a Nablus rufi ya gagara.

Matsugunin da ya cinye gonar ubansa,
Da hannunsa bulonsa aka sa ya ɗora.

An yanke kuɗin ƙungiya a albashinsa,
Histadrut ta amshe, ina za shi ƙara?

Da yaƙi ya tashi aka soke izini,
Tukunya ta huce, gida ya yi asara.

Ku ce mini wa zai tsaya masa yanzu?
Ma'aikatan duniya nake wa kira.

Mai Allo:
Wa alaikumus salam. Na karanta, ɗana.

Ɗan Dako sannu, ka zo da batun bulo,
Ka bar Masallacin Aƙsa, ka kama shara.

Alƙibla ta farko ake yi wa kuka,
Kai ko lissafin albashi ka tsaya tsara.

Jar tuta ka ɗauko can daga Masko,
Ta faɗi tuntuni, masu ita sun yi ƙaura.

Wanda ya faɗi don Ƙudus shahidi ne,
Ba ɗan ƙwadago ba, yaro ka gyara.

Ɗan Zongo:
Allahu akbar! Malam ya gama magana. Baiti huɗu sun kayar da takwas. 'Yan gurguzu a tattara tabarma.

Ɗan Dako:
Gafarta Malam, ban yi watsi da Aƙsa ba,
Da ita nake kwana, da ita nake farka.

Amma mai sallar nan da ke cikin sahu,
Wa ya hana shi gona da ruwan shuka?

Intifada ta farko wa ya kunna ta?
Jinin leburori huɗu da mota ta taka.

Suna komowa gida daga wurin aiki,
Jabaliya ta yi jana'iza, gari ya ɗauka.

A Baitu Sahur aka ƙi biyan haraji,
Soja ya shiga ya kwashe kaya duka.

Joj Habash Kirista ne, ɗan garin Lidda,
An koro shi shi ma, wannan ba shakka.

Allah gafarta Malam, ranar 8 ga Disamba 1987 ne motar Isra'ila ta bi ta kan ma'aikatan nan a bakin Gaza. Daga maƙabarta boren ya tashi, kuma yajin aiki da rufe kantuna ne suka riƙe shi shekaru. Mutanen Baitu Sahur yawancinsu Kiristoci ne. Wanda ya ƙwace ƙasar bai tambayi addinin mai gonar zaitun ba.

Mai Awo:
Ku dakata. Ɗan Dako, ɗangonka na farko Mutaƙarab ne tsaf, fa'ulun sau huɗu. Daga "Ƙarfe ukun dare" ka buɗe da gaɓa mai nauyi inda ake son sassauƙa, kari ya karye, ba ka sake dawowa hanya ba. Sannan Malam ya bi ka da amsa-amon -ra, kai ka gudu zuwa -ka. A musaya ba a gudun fage.

Idan za ka waƙa ka auna ƙafarta,
Kari in ya karye ina za a ɗora?

Ka dubi magini da igiya yake yi,
Idan ya ƙi auna gini sai asara.

'Yar Masaƙa:
Ana maganar mutanen da tukunyarsu ta huce, kai kana ƙirga gaɓa. Ɗan Dako, ci gaba, Allah ya ƙara basira. Wanda bai taɓa jiran albashi ya ji shiru ba shi ne zai ce batun bulo shara ne.

Baba Tsohon Reluwe:
Na makara, sai yau jikata ta karanto mini. Ni na faɗa, ita ta rubuta.

Ku ba ni wuri yara, tsoho ya iso,
Na bi layin dogo shekaru da yawa.

A Haifa Larabawa suka kafa ƙungiya,
Ma'aikatan jirgin ƙasa ke assasawa.

Histadrut ta ce aikin Yahudu na Yahudu,
Balarabe a lambun lemo sai ficewa.

Wata shida cur aka rufe kasuwanni,
Tashar Yafa ta tsaya, babu saukewa.

Ingila ta ba da izini a Tel Abib,
Sabuwar tasha ta tashi ba jinkirtawa.

Sarakunan Larabawa suka aiko saƙo,
A koma aiki, wai Ingila na dubawa.

Talaka ya sha yunwa, babba ya sa hannu,
Wannan ciwon har yau ba ya warkewa.

Sami Taha ya riƙe tutar ma'aikata,
Harsashi ya same shi, Haifa na kokawa.

Ƙungiyar Haifa 1925 aka kafa ta. Babban yajin daga Afrilu ne zuwa Oktoba 1936. Sami Taha kuwa 1947 aka harbe shi. Akwai wanda ban sa a baiti ba domin ya fi ƙarfin baiti: a Afrilu 1946 ma'aikatan gidan waya da na reluwe, Larabawa da Yahudawa, sun yi yaji tare a kan Turawan Ingila. Shekara ɗaya kafin nan, 1945, su Imoudu, jagoran ma'aikatan reluwe, suka tsayar da jirgi a nan Najeriya kan Turawan nan dai. Ubangida ɗaya ne ya riƙe mu da su.

'Yar Masaƙa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ɗan Zongo, ina tabarmar da ka ce a tattara?

Ɗan Zongo:
Gwaggo, tana nan a naɗe. Jira Malam ya fito daga karatu.

Mai Allo:
Baba na gaishe ka, girmanka na nan,
Furfurarka ta fi gaban rainawa.

Amma abokin yajin nan na gidan waya,
Bayan shekara biyu ina ya shiga, kana tunawa?

Ƙauyuka sama da 400 aka share,
Katin ƙungiya bai hana korewa.

Ɗan Dako, kai kuma zo mu yi lissafi,
Ranar zaɓe ina naku suke ɓoyewa?

Kujera 132 aka baza a faifai,
Uku jam'iyyar Habash ta iya ɗaukowa.

Zaɓen Janairu 2006 nake nufi. Hamas ta ci 74, Fatah 45, jam'iyyar 'yan gurguzu da Joj Habash ya kafa ta ci uku. In talaka naku ne, me ya hana shi ba ku ƙuri'arsa?

Ɗan Zongo:
Takobi! Uku cikin 132! A kawo wa Ɗan Dako ruwa.

Inna Malama:
Ku maza kun cika fili da Masko da Makka,
Ba wanda ya tuna malamar makaranta.

Malamai sun ajiye alli a Gaɓar Yamma,
Albashi ya gaza, alkawari an manta.

Suka nufi Ramalla dubbai a kan hanya,
Hukumarsu da kanta ta zo ta datse ta.

Shingen baƙo a gaba, na gida a baya,
Ku ce mini ina malama za ta sa kanta?

Ƙungiyarsu ta zama 'yar amshin shata,
Suka ce a yi zaɓe a sake gina ta.

Kuɗin fito Isra'ila ce ke tarawa,
In ta ga dama ta riƙe, hukuma ta galabaita.

Nizar Banat ya faɗi gaskiya a Halil,
Jami'an gida suka kama shi, rai ya fita.

Yajin malaman Fabrairu 2016 ne, ya kai kusan wata guda. Batun kuɗin fito daga yarjejeniyar Faris ta 1994 ya taso: Isra'ila ke karɓar harajin kayan da ke shiga, ta miƙa wa Hukumar Falasɗinawa, don haka albashin malama a Jenin yana aljihun mai mamaya. Nizar Banat, mai sukar Hukumar, a Yuni 2021 ya rasu. Mahmud Abbas kuma 2005 aka zaɓe shi na shekara huɗu, har yau ba a sake zaɓen shugaban ƙasa ba. Malam, ka yi mana lissafin wannan ma. Kai kuma Mai Awo, koma ga "Ka dubi magini da igiya". Magini gaɓa biyu sassauƙa ne a jere, igiya ma haka. Ina fa'ulun a nan? Ka fara gyara naka.

Mai Awo:
Inna, wannan zihafi ne, malaman aruli sun halatta.

Inna Malama:
Zihafi yana sauƙaƙa gaɓar ƙarshen ƙafa, ɗana. Kai ta tsakiya ka karya.

Mai Awo:
In an rera, "igya" ake cewa, gaɓa biyu. A rera a ji.

'Yar Masaƙa:
To "magini" fa? Shi ma "magni" za mu ce?

Ɗan Zongo:
Ni dai na san Bahaushe yana waƙa da kalangu tun bai ji sunan Halilu ɗan Ahmadu, uban aruli, ba. Kowa ya rera nasa.

Mai Awo:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Wanda ya buɗe da basmala ya jera baiti ya shiga gidan aruli, dole ya bi dokar gidan.

Na ce a yi awo, an taso mini da sanda,
Gaskiya ɗaci gare ta, ku sha ku saurara.

Inna Malama:
Wannan ma ɗangon biyu ya fi na farko tsawo.

Mai Awo:
Inna, zan dawo da cikakkiya gobe, a auna ta gaban kowa.

Ɗan Dako:
Ku yi haƙuri, kwana biyu muna sauke siminti, hannu ba ya riƙe waya. Mai Awo, ga -ra ɗinka na dawo da shi. Inna, kin faɗi abin da ya fi nawa. Malam, ga amsarka.

Na karɓi ukun nan, Malam, ban musa ba,
Gidanmu ya tsage, yana buƙatar gyara.

Bayan Oslo manyanmu sun shige ofis,
Kuɗin agaji ya zo, suka mance lebura.

Amma ka tuna da Talatar watan Mayu,
Daga Haifa har Halil bulo ba a ɗora.

Ba a tambayi kowa jam'iyyarsa ba,
'Yan kwangila suka wayi gari da asara.

A Durban 'yan dako irina suka ƙi sauke
Jirgin Isra'ila, suka bar shi yana jira.

Baselona da Beljiyam sun ce makami
Ba zai bi ta hannunsu ba, sun amsa kira.

Addu'arka muna so, Malam, ka ƙara,
Ni wuya gare ni, ƙin ɗauka ce dabara.

Oslo da na ambata yarjejeniyar sulhu ce tsakanin Isra'ila da shugabannin Falasɗinawa. Talatar nan kuwa 18 ga Mayu 2021 ce, ranar da Falasɗinawan cikin Isra'ila da na Gaɓar Yamma da na Ƙudus suka yi yaji tare. Ma'aikatan tashar Durban ta Afirka ta Kudu sun yi nasu a 2009, suka maimaita a 2021. Kiran kuwa ƙungiyoyin ƙwadagon Falasɗinu ne suka yi shi ranar 16 ga Oktoba 2023, cewa kada ma'aikaci ya ƙera ko ya ɗauki makamin da za a kai wa Isra'ila. Bom ba ya tafiya da ƙafarsa, sai wani ya loda shi.

Mai Allo:
Ɗana, wanda ya karɓi gyara ya yi rabin hanya. Biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe namu ne tun kafin a haifi Markis uban gurguzu, don haka ba na gaba da leburanka.

Ka ƙi ɗauka, ni ma na sa maka albarka,
Amma jar tutar nan ka kai ta shara.

Ɗan Zongo:
Malam ya yi afuwa, amma nasara tasa ce.

'Yar Masaƙa:
Nasarar wa? Shi ne ya sauko ya sa albarka.

Baba Tsohon Reluwe:
Ku bar wannan. Ɗan Dako, tun baitinka na uku nake son tambaya. Ka ce dillali ya sayar masa da takarda. Takardar hukuma ce ko kayan kasuwa?

Ɗan Dako:
Baba, shekaru da yawa takardar da sunan ɗan kwangila take fita. Sai ya karɓi fiye da mutanen da yake buƙata, ya miƙa rarar ga dillali. Lebura ya saya, yana biyan kaso mai tsoka duk wata, ko ya samu aiki ko bai samu ba. A takarda yana aiki wurin wane, a zahiri yana wani wurin, in ya faɗo daga bene babu mai cewa ya san shi. In ya ɗaga murya a soke izinin da sunan tsaro.

Ya sayi izini, izini ya saye shi,
Da asuba ya tashi, Ƙalandiya na jira.

Mai Awo:
Ɗangon farko ya kusa. Cire "ya" na biyu mu gani.